Kujerar da Tsohuwa Ta Karya a Gabana

Ko na manta komai na tafiye-tafiyena ƙasar Sin, ba zan manta ranar da wata tsohuwa ta karya kujera a gabana a Guangzhou ba, shekarar da ƙasar ta karɓi wasannin Olamfik.

Takalma nake sarowa a kasuwar Zhanxi Lu, sai ikilisiyarmu ta Kaduna ta damƙa mini amanar sayo kujerun sabon coci. Kuɗin nan har da gumin matan zumunta masu suyar ƙosai. Ni kuwa na ga wata ƙatuwar fitilar gilashi mai rassa, irin ta manyan otal, ta tsaya mini a rai. Na ƙudurta in sayi kujeru masu araha, ragowar in sayi fitilar, duk wanda ya ɗaga kai ya tuna da ni. Lokacin ina kiran wannan hidimar Ubangiji.

Wani Alhaji ɗan Kano mai yi mini lodin kaya, wanda ya iya Sinanci, ya raka ni masana'antar kujeru. Tsohuwar da ta tarbe mu sanye da silifas na ɗauka mai shara ce, ashe ita ce mai wurin. Na nuna mafi araha. Ta tambayi inda za a kai su, Alhaji ya ce coci. Ta girgiza kai ta ce, "Mayo," wato babu.

Na ce, "Alhaji, ga su jibge, ta ce babu?"

Sai ta jawo ɗaya, ta hau kanta da ƙafa biyu, ta yi tsalle. Ƙafar kujerar ta ɓalle, da ƙyar wata ma'aikaciya ta tare ta.

Alhaji ya ce, "Malam, ta ce waɗannan na bikin yini ɗaya ne. Wai cocinku babu tsofaffi da masu ciki?"

Daga nan ta kai mu saman bene, ɗakin da take sujada da ma'aikatanta, ashe ita ma Kirista ce. Bango ko fenti babu, ƙwan lantarki ɗaya, amma bencinan katako ne masu kauri, kowanne da majingina. A gaba kuwa teburi ne lulluɓe da alharini mai zanen inabi da alkama, yana sheƙi kamar ruwa. Ban taɓa ganin abu mai kyansa ba. Shekara uku ta yi tana ɗinka shi da hannunta.

Ganin yadda na ƙura wa alharinin ido, sai ta yi magana. Alhaji ya sassauta murya. "Ta ce ado ba laifi ba ne. Amma sai da kowa ya sami wurin zama, kuma daga aljihunta ta yi."

Na ja hannun riga na rufe agogon zinaren da na saya wa kaina a satin. Kujeru masu ƙarfi na saya, kuɗin ya ƙare kaf, fitila kuwa ban ƙara bi ta kanta ba.

Tun ranar na gane cewa kuɗin jama'a buƙatar jama'a ake fara yi da shi. In kuma zuciyata ta so ƙawata ɗakin Allah, to in sa hannu a nawa aljihun, kada kuma in jira a ambaci sunana.