'Yar Aljihun da Ta Raba Yunusa da Uwar Maƙera

Ranar da wandon Yunusa Maƙeri ya faɗi a zauren Baffansa a Katagum ina wurin, don ni na raka shi. Duk wanda ya ba ku labarin nan ji ya yi, ni gani na yi.

Ya durƙusa ya gaida dattawa, gaisuwa mai kyau, har da tambayar ruwan kogi. Yana miƙewa sai wando ya ƙi biyo shi, ya taru a idon sawu kamar an zazzage buhu. Wuƙar da ya soke a ƙugu, 'yar aljihu mai naɗewa, ƙirar hannunsa, wadda ya zo da ita don nuna gwaninta, ita ce ta buɗe da kanta ta datse zariya. Allah ya so rigar doguwa ce. Dattawa suka kawar da kai, wani ya kama tarin da babu shi. Ni kuwa na fita kamar zan kama ruwa, na dafa bango na yi dariya har da hawaye.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Azare. Ba na bukatar zakara, bugun masabarsa ke tashina. Asalinsa ɗan maƙeran Katagum ne, kasuwa ce ta kawo shi nan. Da mahaifinsa ya rasu, uwar maƙerar gidan, wato dunƙulen ƙarfen da kakanninsu suka yi ta dukan ƙarfe a kai, ta zauna a hannun ƙanin uban, Baffa Zarami. Shi Yunusa a kan guntun ƙarfen tirela yake ƙira. Kullum maganarsa ɗaya: "Ranar da ta gidanmu ta zo hannuna za ka ji bambancin sauti." Na ce, "Ni dai barci nake nema, ba sauti ba."

Fartanya da lauje yake yi kamar kowa, har ya ga wata 'yar aljihu a hannun direba, ya roƙa ya kwance ta, ya gane kanta. Ya fara yin tasa da sifirin mota, ya yi mata ƙota da ƙahon sa, ƙusa ɗaya ta riƙe su. Da farce ake jawo bakin, da hannu biyu, kamar ana ɓare gyaɗa. Makiyaya daga rugagen wajen Giade suka so ta, don ba ta huda aljihu kuma tana cin igiya. Tun lokacin na sa masa Injiniya, sunan ya bi shi.

Sai wuƙaƙe 'yan Caina suka shigo, wajen 2002. Ga su a faranti a bakin tasha suna ƙyalli, ka danna ɗan maɓalli da babban yatsa su yi tsalle su buɗe, su kulle kansu, ba tsatsa. Ina zaune a rumfarsa wani saurayi ya ɗauki tasa ya juya.

"Baba, ina wurin dannawa?"

"Ba ka da farce ne?"

"Wannan ai ta mutanen da ce," in ji yaron, ya ajiye ta a hankali kamar kada ta tsufar da shi.

Maganar ta ci Yunusa. Ya dawo gida ya yi ta sassauta ƙusa yana goga da magagari, wai sai tasa ma ta buɗu da yatsa ɗaya. Matarsa Saudatu ta ce, "Malam, abin da ba shi da makulli kana sake masa wuya, wata rana a jikinka zai buɗe." Ta katanga na ji, har na ce amin. Allah ya yafe mini.

Ana haka, a 2004, Baffa Zarami ya aiko. Ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa, zai miƙa uwar maƙera ga wanda ya riƙe aikin gida, kowa ya zo da abin da hannunsa ya ƙera. Su biyu ne: Yunusa, da ɗan wani baffan nasu, Abdurrahim, mai shagon walda, wanda ƙofofi da tagogi yake haɗawa. Zuwan da muka yi ke nan, har wando ya yi abin da ya yi.

Da na dawo zauren, Baffa ya riga ya sa an miƙo masa wuƙar. Ya shafa ta, ya naɗe, ya buɗe.

"Yunusa, wannan mece ce?"

"Wuƙa ce, Baffa. A wuta na gasa ta, da gawayi da zugazugi, yadda kuka koya mini. Ƙotar ƙaho ce. Babu inda inji ya taɓa ta."

"Ina kubenta?"

"Ƙotar ce kubenta."

"Wuƙar da ke ɓoye bakinta a cikinta ba tamu ba ce. Tamu a miƙe take, kube ne gidanta, mai ita ya san lokacin da za ta fito. Taka kuwa kowa ya ga ba ta jiran izini. Wannan aikin zamani ne."

"A kasuwa cewa suke ta mutanen da ce."

"To ka koma kasuwa su ba ka maƙera."

Abdurrahim ya matso da doguwar wuƙa cikin jan kube mai tuntu. Na gane ta tun kafin a zare. Yunusa ne ya ƙera masa ita da layyar bara, a gabana, shi kube kawai ya kai wa dukawa suka ɗinka. Na taka ƙafar Yunusa. Ya janye ta. Hannunsa na hagu na riƙe da wando, kuma mutumin da ke riƙe da wandonsa ba ya iya shari'a. Aka yi fatiha, aka ba Abdurrahim uwar maƙera.

A mota na so in tsokane shi, na ce, "Injiniya, in ara maka igiya?" Ya dube ni, kallon da ya sa na haɗiye sauran har Azare.

Daga nan bugun masaba ya fara yin nisa da juna. Makiyayan ma 'ya'yansu mai maɓalli suke so. Na samu barcin da na roƙa, ban ji daɗinsa ba. A ƙarshe ya rufe rumfa, ya ɗauki dutsen wasa wuƙa ya zauna kusa da masu tsire. Rabin abin da ake kawo masa 'yan Cainan nan ne, sun dakushe, shi ke mayar musu da baki. Uwar maƙera kuwa na gan ta da idona a ƙofar shagon walda. A kanta suke ɗora ƙarfe su ɗiga masa wuta, in babu aiki su tokare ƙofa da ita.

Baffa ya rasu a 2008. Ba a daɗe ba aka shirya wani baje kolin sana'o'in gargajiya, aka nemi gidan maƙeran Katagum su kawo mutum ya yi ƙira a gaban jama'a. Rannan da la'asar muna zaune a ƙofar gida sai ga acaɓa, Abdurrahim a baya, ya rungumo buhu kamar mai jego. Ya sauke a gaban Yunusa ya buɗe. Uwar maƙera ce, fuskarta duk ta yi ƙuraje da ɗigon walda, gefe ɗaya an yanke ya tafi.

"Yaya, ga ta na kawo maka. Dama da kai ta dace."

Na ce, "Ashe? Yaushe aka gano?"

Bai kula ni ba. "Ka je ka zauna musu a wurin taron nan da sunan gidanmu. Amma miƙaƙƙiya za ka yi, mai kube, ban da mai naɗewar nan, sun ce gargajiya zalla suke so. In an gama ka riƙe ta, na bar maka."

Yunusa ya sunkuya ya shafa fuskar ƙarfen da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Na ɗauka zai karɓa. Saudatu ma ta tsaya a bayan ƙyaure, ina ganin gefen mayafinta.

"Yaya, ka taimaka," in ji Abdurrahim. "Gadon gidanmu ne, kada mu bari ya mutu."

Yunusa ya ja bakin buhun ya rufe, ya tura masa da ƙafa.

"Gawa ka ɗauko mini kana cewa kada ta mutu? Kai ka yi jinya, kai za ka yi wanka."