Kalmar da Zulma Ta Ƙi Faɗa

A garin Sarandí del Yí, in tsufa ya fara gagarar mutum da 'ya'yansa, ba likita ake fara nema ba, Zulma Techera ake nema. Tana da ɗan tebur a lungun ofishin gunduma, amma rabin aikinta a kan keke take yin sa. Aikin kuwa shi ne taimaka wa iyalai su samu mai kula da tsoho a gida, wadda gwamnati ke biya. Ita ke cike takardu, ita ke buga waya Montevideo, babban birnin ƙasar, har kunnenta ya yi zafi, ita ke nemo matar da za ta iya jure halin tsohon, sannan ta tsara awoyin yadda ba za su ci karo da aikin 'ya'yansa ba.

Shekarunta hamsin da takwas, gajera ce mai faɗi, kuma ba ta iya lallashi ba. Ta yi shekara ashirin tana goge ƙasa da juya marasa lafiya a asibiti, ta yi shida tana jinyar mahaifiyarta ita kaɗai, tun ba a fito da wannan tsari ba. A nan ta bar lafiyar ƙugunta. Shi ya sa in wani ya ce mata, "Ai za mu iya da kanmu," sai ta dube shi sama da ƙasa ta miƙa masa biro.

Takardu ba su taɓa ba ta tsoro ba. Ranar da jami'ar tantancewa za ta zo duba tsoho ita ce ke hana ta sukuni, domin ta san tsofaffin garin nan. Wanda ya kwana uku bai sauko daga gado ba, da ya ji baƙon gwamnati na tafe, sai ya sa a yi masa aski, a goge masa takalmi, ya kafa hula, ya tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa. A tambaye shi wa ke yi masa wanka, ya ce shi. Jami'a kuma abin da aka gaya mata take rubutawa.

Haka Don Atilio Camejo ya yi. Shekarunsa tamanin da shida, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa tumaki aski daga wannan gona zuwa waccan, kuma har yau in ana maganar hannu, nasa yake kawowa misali. An zo, an tambaye shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, takarda ta dawo da cewa bai cancanta ba.

'Yarsa Nibia, mai dafa abinci a makarantar firamare, ta zo teburin Zulma idanunta sun kumbura.

"Sau biyu ke nan yana faɗuwa a banɗaki ina wurin aiki," in ji ta. "An yi min haƙuri har an gaji. Ko in bar aikin, ko in kai shi gidan tsofaffi a Durazno. In na bar aikin me za mu ci? In na kai shi can, wata biyu ba zai yi ba."

Zulma ta nemi a sake dubawa, aka sa rana. Daga nan ta hau keke ta je ta same shi a kicin, kusa da murhu.

"Don Atilio, in matar nan ta dawo, gaskiya kawai za ka faɗa."

"Ke 'yar Techera, na san ki tun kina yawo da majina. Ni zan zauna gaban 'yar birni in ce mata 'yata ke ɗaure min wando?"

"To wa ke ɗaure maka?"

"Wannan kuma tsakanina ne da wandona."

"Durazno za a kai ka."

"A kai gawata."

Ba ta ja maganar ba. Hankalinta na kan mate, shayin ganyen ƙasar, da suke sha. Nibia ce ke zuba ruwan zafi daga filas a ɗan ƙoƙon da aka cika da ganye, ta miƙa wa kowa bi da bi ya tsotsa da bututun ƙarfe. A gidan Don Atilio kuwa, tun Zulma na yarinya, ba wanda ke taɓa filas in ba shi ba. Ta dubi hannuwansa. Ya ɓoye su ƙarƙashin tebur.

Ranar da jami'ar ta zo, wata mata mai tabarau da jaka a kafaɗa, suka tarar da shi fes, da hula da ɗankwali a wuya. Suna zama Zulma ta ce, "Nibia, baƙuwa a gida babu ko biskit? Je ki sayo." Nibia ta fita ba ta kalli mahaifinta ba. Filas cike da ruwa na kan tebur, ƙoƙo na gefensa.

Mai gida ba ya barin baƙo ya zuba wa kansa. Don Atilio ya ɗaga filas da hannu biyu, ya zuba, ya sha na fari yadda aka saba, ya sake zubawa ya miƙa wa jami'ar. Ta sha, ta mayar masa ta ce, "Na gode." A kan mate wannan kalma na nufin ya ishe ni, kada a ƙara. Wanda bai faɗe ta ba, dole a ci gaba da zuba masa.

Zulma ta sha nata, ta mayar da ƙoƙon ba ta ce komai ba.

Ana cikin tambayoyi yana amsawa da ƙarfi. Wanka, shi. Tufafi, shi. Ya zuba na biyu, bakin filas na ƙwanƙwasa ƙoƙon. Zulma ta sha ta mayar. A na uku ruwa ya zuba a kan tebur, ya sa gwiwar hannu ya rufe wurin. Da ta miƙo ƙoƙon ya ɗaga kai ya dube ta, kuma Zulma ta gane sarai roƙonta yake yi. Kalma biyu ce za ta faɗa ta cece shi. Zuciyarta ta karye, amma ta kama bakinta.

A na huɗu hannun dama ya saki. Filas ya kife a cinyarsa, ya gangara ƙasa. Ya yunƙura zai tashi ya kasa, ya sake yunƙurawa ya kasa. Ya zauna da jiƙaƙƙen wando a gaban mata biyu.

Jami'ar ta ɗauko tsumma ta miƙa masa, ta bari ya huta, sannan ta tambaya a hankali, "Don Atilio, wa ke taimaka maka ka tashi da safe?"



"Nibia," ya ce.

"Wanka fa?"

"Nibia."

Bayan mako shida takarda ta fito. Zulma ta samo masa Doña Olga, wata bazawara wadda mijinta ma askin tumaki ya yi, don ta san ita ce za ta iya sauraron labarinsa sau ɗari. Tana zuwa da safe, daidai lokacin da Nibia ke makaranta. Nibia ta riƙe aikinta.

Zulma ta bar wata guda ya wuce kafin ta leƙa. Ta same shi a tsakar gida ƙarƙashin itacen lemo, an yi masa aski, Doña Olga na shanya. Ta zauna, ta fito da nata filas da ƙoƙo daga kwandon keke, ta zuba, ta sha na fari, ta miƙa masa na biyu.

Ya karɓa da hannu biyu, ya sha har bututun ya yi ƙara.

"Ruwan ranar nan bai yi zafi ba, Zulma," ya ce. "Ko jan fata bai yi min ba. Nibia kuwa ba ta taɓa kuskuren ruwa ba."

"Ni na ce ta sirka shi."

"Na sani."

Ya miƙo mata ƙoƙon. A shekara hamsin da ta san shi, bai taɓa tsayawa a ƙoƙo ɗaya ba.

"Na gode," in ji shi.

Ta rufe filas ɗinta, ta tura keken zuwa ƙofa. Tana jin sa a baya yana yi wa Doña Olga faɗa a kan yadda ta shanya masa riga, da muryar mai gida. Har yau duk shekara Zulma ce ke sabunta masa takarda, kuma har yau bai sake shan mate daga hannunta ba.