Kaka Mudi da Gidan Suruki

Duk wanda ya san Kaka Mudi a cikinku ya san shi da tsinken sakace a baki. Da shi yake shigowa gidanmu na Beltsville, kafin ya gama sallama ya riga ya fara sakace haƙori kamar wanda ya tashi daga kan farantin nama. Mama ta ce, "Baba, ga tuwo yanzu na sauke." Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzun nan na ci. Babu wuri."

Ni kaɗai na san inda tsinken yake fitowa, domin tagar ɗakina tana kallon wurin da bas yake tsayawa. Yakan sauko bakinsa wayam, ya tsaya a gindin bishiyar maƙwabta, ya cire hula, ya zaro tsinke daga cikinta ya sa a baki, sannan ya gyara tafiya. Kuma tsinke ɗaya ne. Na gane shi don gefensa ɗaya ya yi baƙi. Ya fi wata uku yana wannan aiki.

Dalilin kuwa kun san shi. Mama 'yarsa ce ta fari, Abba kuma surukinsa. A wajen Kaka, dattijo ba ya ci a gidan mijin 'yarsa, ba ya kwana, ko da sama za ta faɗo. Da ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi a Kazaure, kakarmu ta rasu, ciwon zuciya ya sa shi gaba, sai Mama ta yi masa takardu ya zo nan kusa da likitoci. Ta gyara masa ɗaki a sama, har da sabon bargo. Ya leƙa, ya shafa bargon, ya ce, "Ɗaki ya yi kyau. Wa zai kwana?"

"Kai mana, Baba."

"Ni? A gidan Injiniya?" Haka yake kiran Abba, bai taɓa kama sunansa ba.

"Baba, nan fa Amurka ce. Wa zai ji?"

"Ni zan ji."

Kwana biyu ya yi a wajen wani abokin Abba, a na uku ya kama ɗakin haya a Lanham, irin ɗakin nan na ƙarƙashin gida. Tagarsa rabi ce, daidai da ƙasa, ba ka ganin komai sai ƙafafun masu wucewa. Kafin wata guda ya haddace maƙwabtansa da takalmansu. Ya ce zai riƙe kansa da fanshonsa da hayar shagunansa biyu na kasuwar Kazaure. A gida da kuɗin nan ya ciyar da gida guda cike da mutane, ta yaya za su kasa ciyar da tsoho ɗaya? Haka ya lissafa. Bai lissafa da faɗuwar naira ba. Kowane wata abin da ake turowa ɗaya ne, amma abin da yake fitowa a dala sai raguwa yake yi.

"Kuɗin nan a hanya suke ramewa," in ji shi. "Sukan taso daga Kazaure kamar bijimi, su iso nan kamar ɗan akuya mai zawo."

Ranar Asabar Mama takan sauke ni a wajensa in za ta aiki asibiti, don in karanta masa wasiƙu, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Uwargida yake ce min, irin tsokanar kaka da jika. In na amsa masa da Turanci sai ya zama kurma nan take, har sai na juya harshe. Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa muka shirya. Shi yana magana, ni ina kallo.

Ranar farko da muka je kanti tare ya ɗauki albasa guda uku a cikin 'yar raga.

"Uwargida, karanta min."

Na karanta masa farashin. Ya shiga lissafi da naira, leɓensa yana motsi.

"Na buhu ke nan?"

"Na ukun nan, Kaka."

Ya mai da su da hannu biyu, a hankali, kamar ƙwai. Ya ja da baya ya ce, "Ki gaishe su. Waɗannan sun fi ni albashi."

Daga nan muka wuce wajen Malam Isuhu, mahaucin nan mutumin Maraɗi. Kaka ya yi gyaran murya ya ce ko akwai ƙashin da za a zubar, don kyanwarsa. Jama'a, Kaka bai taɓa ajiye kyanwa ba, ko a Kazaure korarsu yake yi. Malam Isuhu ya dube shi, ya dube ni, ya shiga ciki ya fito da leda. Da muka isa ɗaki na ga ƙashin da tsoka jibgi a jikinsa. Haka aka riƙa yi duk Asabar. Wata rana Malam Isuhu ya kasa daurewa.

"Alhaji, kyanwar nan taka tana cin yaji? Na saka mata kaɗan, da ɗan ƙullin daddawa."

Kaka ko murmushi bai yi ba. "Tana ci. 'Yar Kazaure ce."

Abba ya gwada duk dabarar da ya sani. Wata Juma'a ya lallaɓa ya ajiye buhun shinkafa da galan ɗin mai a ƙofar ɗakin, ya gudu. Washegari da hantsi sai ga Kaka a ƙofarmu, ya ɗora kayan a keken jan kaya, ya hau bas biyu da su. Abba ya fito ya tsuguna yana gaisuwa. Kaka ya amsa tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya nuna buhun.

"Injiniya, wani bawan Allah ya yi mantuwa a ƙofata. Na ga wucewar takalminka ta taga, na ce ƙila ka san mai shi."

Abba ya rasa inda zai sa fuskarsa. Mun yi dariya daga baya, amma a ranar ba mu yi ba. Kaka ya kusa rabin awa a kan kujera yana neman numfashi, hannunsa a ƙirji, Mama tana kicin tana kuka ta buɗe famfo don kada a ji. Da zai tafi Abba ya roƙe shi ya bari a kai shi a mota. Ya yi tunani ya ce, "Mota dai ba gida ba ce. Wannan zan shiga."

Sanyin shekara ta biyu shi ne ya karya shi. Ɗakin nasa da hita ake ɗumama shi, mai aiki da lantarki, kuma shi yake biyan kuɗin wutar. Sai ya daina kunnawa. Yakan sa babbar riga biyu, ya ɗora jaket ɗin gwanjo a kai, ya naɗe wuya da rawani, ya zauna a kan darduma kamar ƙullin kaya. Da rana ya tafi laburare ya buɗe jarida a gabansa don ɗumin wurin, wani lokaci har a juye. Mama ta zo ɗaukata wata Asabar, ta taɓa hitar ta ji ta kamar ƙanƙara.

"Baba! Me ya sami hitar?"

"Yanzu na kashe ta. Zafi ya yi yawa, har gumi nake."

Yana faɗa tururi yana fita daga bakinsa. Mama ta kunna, ya bari har muka fita. Na waiwaya ta rabin tagar nan na ga ɗan jan hasken hitar ya mutu kafin mu shiga mota.

A ranar ne kuma na ga reza a kan faranti, kusa da kwalbar maganinsa, da farin gari kaɗan a bakinta. Mako na gaba na zo na tarar yana raba ƙwayar maganin zuciyarsa biyu. Inshorar lafiyarsa ba ta ɗauke kuɗin maganin duka ba, ragowar kuma daga aljihunsa take fita.

"Kaka, likita ya ce ɗaya."

"Likitan nan don Turawa yake aunawa. Kin ga girmansu? Ni rabin Bature ne, rabi ya ishe ni. Shekara talatin ina ba shanu magani, na san awo."

Sannan ya miƙo min wata wasiƙa. Daga mai gidan take, za a ƙara haya daga watan gobe. Na karanta masa sau biyu. Bai yi barkwanci ba a wannan karon. Ya ninke takardar ƙanana ya tura ƙarƙashin darduma, ya ce, "Uwargida, sirrin miji ba ya fita." Na gyaɗa kai. Mako biyu na riƙe maganar nan a cikina, ina zaune a aji ina jin ta kamar dutse. Sai da aka kira Mama aka ce ya faɗi a ƙofar laburare, sannan na faɗa mata komai a mota, muna hanyar asibiti. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Ciwon huhu ne ya hau kan na zuciya. Da ya ɗan farfaɗo, likita ya ce ba zai sake zama shi kaɗai ba. Muna tsaye mu uku a gefen gado, ni da Mama da Abba, da yamma, robar iska a hancinsa.

"To a sayo min tikiti in koma Kazaure."

"Sun ce ba za ka iya zaman jirgi ba, Baba," in ji Mama.

"To a mai da ni ɗakina."

"Da wace hayar? Na ga takardar."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na dubi igiyar takalmina. Sai ya juya fuskarsa bango. A nan na gane ba taurin kai ne kawai ba. Mutumin da ya saba a ci a gidansa ne, abin da ya rage masa a ƙasar nan shi ne ya ce bai ci na kowa ba.

Sai Abba ya tsuguna a ƙasan asibitin, da rigar aikinsa. Kun san a gida kowa ya san Injiniya ya yi gida a Amurka. Hoton gidan yana rataye a falon Hajiyarsu Abba a Kano, baƙi suna zuwa suna sa albarka. Abba bai taɓa cewa nasa ne ba, amma bai taɓa cewa ba nasa ba ne.

"Baba, akwai maganar da ban taɓa faɗa ba. Gidan nan ba nawa ba ne."

Kaka bai juyo ba. "Na wa ne?"

"Na wata tsohuwa ne, ta koma Florida. Haya muke yi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sau biyu na nemi saya, kuɗina bai kai ba."

Yanzu kam ya juyo. "Haya? Kai ma?"

"Ni ma, Baba."

"Da digirinka biyu?"

"Uku, Baba."

Wallahi dariyar da Kaka ya yi sai da ta koma tari, nas ta shigo a guje. Da ya samu numfashi ya share ido da bayan hannu ya ce, "Kai, amma na sha wahalar banza! Shekara biyu ina jin kunyar gidan wata tsohuwa da ko ganinta ban taɓa yi ba!"

Ya kafa sharaɗi: duk wata zai ba da nasa kason hayar, komai ƙanƙantarsa, kuma Abba zai karɓa. Abba ya ce ya yarda. Ni a raina na san Kaka ya san gidan haya ma gidan mai zama ne a ciki, da a Kazaure ne ba zai saurari wannan hujja ba. Ya gaji ne. Abba ya buɗe masa ƙofar da zai shiga ba tare da ya sunkuya ba, shi kuma ya shiga.

Abin da Abba bai hango ba shi ne waya. Kaka yana tarewa a ɗakin sama ya fara kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da babbar muryar nan tasa ta kiran shanu. "Eh, na tashi daga Lanham. Gidan wata baiwar Allah muka kama haya, ni da Injiniya. Eh, haya! Shi ma ɗan haya ne, ashe!" Kafin Juma'a labari ya kai Kano. Kawun Abba ya kira ya yi ta mita, Hajiya ta daina ɗaga waya kwana uku. Abba yana ƙasan bene yana jin komai, kofin shayi a hannunsa, bai taɓa hawa ya ce a rage murya ba. Ranar da Kaka ya miƙa masa ambulan ɗin farko, siriri kamar ba komai a ciki, tsugunawa ya yi ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "An gode, Baba. Wannan zai rage mana nauyi."

Mako bakwai ya yi a gidanmu. Ya rasu wata Alhamis da safe, ina makaranta, ana darasin lissafi. A nan aka binne shi, cikin ƙasa mai sanyi, nesa da kabarin kakarmu. Abba ne ya shiga ramin ya karɓe shi. Da muka dawo ya zauna a matakalar bene, ƙasa duk a gwiwar wandonsa, bai tashi ba har aka kira la'asar.

Ya Allah, Ka gafarta wa Kaka Mudi, Ka yafe masa taurin kansa, ni ma Ka yafe min shirun da na yi. Ka ɗumama masa makwancinsa. Ka ba shi gida a Aljanna, nasa na kansa, mai faɗi, wanda zai zauna a ƙofarsa ya ce wa duk mai wucewa bismillah. Amin.