Hannun Mai Ƙofa da na Surukinsa

Shekara shida muka yi ni da shi a ɗakin gadi na masana'antar robobi, inda ake yin bokiti da kujeru. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da benci, da littafin shige da fice, da fankar da ba ta tashi sai an tura ta da biro. Kowa Mai Ƙofa yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana.

Ba da gadi ya fara ba. Da can a kan injin matsa yake, wanda ke danne narkakkiyar roba ta fito bokiti, kuma tsofaffin ma'aikata sun ce ba a yi mai saurin hannunsa ba. Wata safiya roba ta maƙale, ya zura hannun dama zai ciro, injin ya rufe. Aka kai shi asibiti, aka ɗinke, aka naɗe, bayan wata ɗaya aka ce ya warke. Yatsu uku suka lanƙwashe cikin tafin hannu, ba su sake miƙewa ba. A lokacin ba a maganar diyya a wurin. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce ba za a sallame shi ba, aka ba shi hula da makullai. Ya koyi rubutu da hagu, ya koyi ɓoye hannun a aljihu in za a ɗauki hoto.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba sai da abin ya faɗa wa Dogo, mijin babbar 'yarsa, wanda shi da kansa ya nema wa aikin. Injin dai shi ne, hannun ma na dama. Sai dai yanzu kamfanin yana da inshora. Aka ba Dogo hutun jinya ba tare da an taɓa albashinsa ba, aka cike masa takardun diyya, aka ware mota tana kai shi gashin ƙashi sau uku a mako.

Ranar da abin ya faru, Mai Ƙofa ne ya cire rigarsa ya naɗe hannun, kuma na ga hawayensa. Amma daga baya sai ya zama shi ne mai buɗe wa motar nan ƙofa duk Litinin da Laraba da Juma'a. Dogo yakan zo ya sa hannu a ofis, ya shiga baya ya zauna, ya sauke gilashi ya gaishe shi da ladabi. Mai Ƙofa yakan amsa, ya ja ƙarfen ƙofar da hagu, sannan ya dawo benci ya ce mini mai girma gwamna ya fita rangadi. Da farko dariya nake yi. Da na ga shi ba ya yi, na daina.

In ya je gidan 'yar tasa, washegari sai na sha labari. Ya tarar da Dogo a tabarma yana matsa wani ƙwallon roba, ko yana tsintar maɓallai daga faranti yana zubawa a kofi, ita kuma tana tsaye da ruwan ɗumi da tawul. Ya ce ƙato guda, gemu har ƙirji, wai tsintar maɓalli ne aikinsa. Ya ce su a zamaninsu ciwo ciwo ne, ba sarauta ba.

Wata Laraba 'yar ba ta jin daɗi, ta roƙe shi ya raka mijin. Ya bar mini ƙofa ya tafi. Da ya dawo bai yi mini tsegumin kowa ba, abincinsa ma bai buɗe ba. Sai wajen tashi ya faɗa mini. Likitar gashin ta hango hannunsa, ta nemi ya nuna mata, ta jujjuya shi, ta tambayi shekara nawa. Ya ce goma sha tara. Ta ce gaɓoɓin sun riga sun daskare, amma da an kawo shi da wuri, ko ba komai biyu za su buɗe. Da tausayi ta faɗa.

"Da ta yi shiru da ya fi mini," in ji shi. "Duk shekarun nan na ɗauka babu yadda za a yi. Ashe ƙwallon roba ne kawai ban samu ba."

Bayan kwana takwas ya ga Dogo ya ɗauko bokitin ruwa a tsakar gida da hannun da ke ciwo. Washegari Mai Ƙofa ya shiga ofishin ma'aikata, ya daɗe. Ban tambaye shi ba, amma ranar Litinin mota ba ta fita ba. Aka dakatar da gashin, aka ce za a bincika ko Dogo langaɓewa yake yi. Mako biyu aka ɗauka kafin likitar ta aiko da takarda cewa ita ta umarce shi ya riƙa ɗaga rabin bokiti, yana cikin motsa hannun.

'Yar ta zo har ɗakin gadi, ta gaishe ni, ta tsaya a bakin taga.

"Baba, kai ne?"

Ya yi ta gyara littafin da ba ya bukatar gyara. Ta ce mako biyun nan ƙaramin yatsan ya koma baya, sai an sake farawa. Ta ce mijinta ya hana ta zuwa, ita ce ta kasa haƙura. Ta juya ta tafi, kuma ta yi wata biyu ba ta taka gidansu ba.

Dogo ya dawo aiki bayan wata biyar. Hannun ya buɗe, sai ƙaramin yatsan da ya ɗan karkace. Mai Ƙofa ya same shi har gida ya nemi gafara, Dogo ya sunkuyar da kai ya ce uba ba ya laifi a wurinsa. Aka shirya, jikoki suka koma zuwa wurin kakansu. Amma kullum da safe in Dogo ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana," na lura ba fuskarsa Mai Ƙofa yake kallo ba, yatsun yake bi da ido yadda suke riƙe biro.

Wata rana ya ce mini ya yi addu'a, ya yi istigfari, amma zuciyar ta ƙi. Ya ce yana son yaron har ga Allah, hannun ne ba ya son gani. A ƙarshen watan ya nemi a mayar da shi ƙofar baya, inda manyan motoci ke lodi, babu benci sai wata kujera mai ƙafa uku da aka tokare da bulo. Kowa ya ɗauka saɓani muka yi, ban kuwa gyara musu ba. A can ya yi shekara biyu ya yi ritaya. Ranar sallama Dogo ne ya ɗaukar masa kayansa zuwa bakin titi, yana gaba, Mai Ƙofa yana biye a baya.