Jiragen Ɗan Fari

Abin ya faru damina biyu bayan rasuwar maigidana, a shekarar da wuta ta ci babban cocin nan na Paris har muka ga hayaƙin a tele, kafin cutar da ta kulle kowa a ɗaki ta iso. Lokacin wata takwas ke nan da ɗana ya ɗauko ni daga Damagaram ya kawo ni Lyon, wai a duba mini gwiwa. Gwiwa ta yi sauƙi, ni kuwa ban koma ba.

Ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa zama na yi hira da shi yadda nake yi da ƙannensa ba. Haka muka tarar, haka muka yi. In zan kira shi sai in ce "kai wannan", shi kuma ya ce "na'am, Inna". Ya yi karatu har ya ƙure malamansa, yana aiki inda ake binciken ruwan sha, gemunsa ya fara furfura. In ana yabonsa a gabana sai in kau da kai, ko da cikina fari ƙal.

Gidansu a Vaulx-en-Velin yake, gefen Lyon, hawa na shida. Ƙaramin ɗakin da suka ba ni, bango guda kabad ne na gilashi tun daga ƙasa har sama, cike da ƙananan jiragen ƙasa. Kowane da fuskarsa: ido, hanci, kumatu, wani yana murmushi, wani ya murtuke kamar an cinye masa tuwo. Shuɗi, kore, ja. Aka ce mini daga wani wasan yara na tele suka fito, inda jirage ke magana suna faɗa suna shiryawa. Na ƙasa a buɗe suke bisa layin dogonsu. Ranar Lahadi yakan yi sallama ya shigo, ya durƙusa, ya share su da ɗan burushi, ya taɓa wani maɓalli su yi ta zagaye. Na sama kuwa cikin kwalayensu suke, ko gam ɗin ba a ɓamɓare ba.

In zan yi salla nakan rufe kabad ɗin da zane, don ba ni yin sujada idanu ɗari suna kallona. Bai taɓa cewa komi ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Amma na faɗa wa ƙawata Hajiya a waya, wata Bamaraɗiya mai sayar da atamfa a Aubervilliers, gefen Paris, wadda muka san juna tun a gida, na ce, "Hajiya, ƙato da gemu yana wasan ƴar tsana. Wannan ƙasa tana juya kan mutane."

Ita Hajiyar ce ɗiyarta ta haihu, ta aiko in zo suna. Ɗana ya yi tafiyar aiki ta kwana uku, matarsa ce za ta sa ni a jirgin ƙasa.

Ni fa a Damagaram an san ni. Ban taɓa shiga gidan mutane hannu rabbana ba, ko gidan makoki ne. Kilishin da na zo da shi ya ƙare tun tuni, kuka da daddawa na rabar, turaren wuta saura ɗan gutsure. Zanen mai jego yana nan, amma gidan Hajiya gidan yara ne, jikokinta da na maƙwabta. In shiga su kewaye ni in ce musu mi? Da safe ina ninke zanen da na rufe kabad, sai idona ya faɗa kan na sama. Na ce a raina, ga waɗanda bai ma damu ya buɗe ba. Sabbi ne, sun dace da tsaraba. Buɗaɗɗun kuwa, su yake so, ba zan taɓa su ba. Wallahi har ji na yi ina yi masa adalci.

Na hau kujera da gwiwar tawa, na sauko da goma sha ɗaya.

Surukata ta shigo ta tarar ina cusa su cikin jaka. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza yatsu.

"Inna, waɗannan..."

"Waɗannan mi?"

"Yana son su, Inna."

"Yana son su ya bar su cikin kwali suna shan ƙura? Abin da ake so ana taɓa shi. Zo ki ja mini zip ɗin nan."

Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ta durƙusa ta ja zip ɗin. Daga baya na ji ta kira shi a waya sau huɗu, yana cikin taro.

Awa biyu jirgi ya kai ni Paris. A gidan suna kuwa na ci kasuwata. Ina zazzage jakar yara suka yi caa, mata suka ɗau guɗa.

Hajiya ta ce, "Ke tsohuwa, kanti kika fasa a hanya?"

Na ce, "Ɗa na haifa, ba kabewa ba."

"A'a, mu da muka haifi kabewa sai mu yi shiru!"

Aka yi dariya. Yara suka yayyage kwalayen, ƙarar takarda ta cika falo, wata mata ta tattara tarkacen ta kai bola. Jiragen suka bi ƙarƙashin kujeru, wani ya faɗa cikin kwanon miya, wani yaro ya sa nasa a baki. Na zauna a tsakiya ina shan fura kamar sarauniya. Ban ɓoye ba, na ji daɗi ranar.

Da na koma Lyon ya riga ni dawowa. Na tarar da shi tsaye a ɗakina, hannuwansa a baya, yana kallon saman kabad. Ya juyo ya rusuna.

"Sannu da hanya, Inna. Ya mai jego?"

"Lafiya lau. Suna gaishe ka."

"Madalla."

Ya fita. Abin da ya ce ke nan. Da aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi.

Jikata ce ta zo mini, ɗiyarsa ta fari, wadda yanzu nake faɗa tana rubutawa, don ni ko alif ban sani ba. Lokacin shekararta goma sha bakwai, bakinta kamar reza, Hausarta rabi Faransanci. Ta turo ƙofa ko sallama babu.

"Kaka, ina kwalayen?"

"Ke uwar iyayi, ba a gaisuwa a garinku?"

"Ina wuni. Ina kwalayen?"

"Suna bola. Kwali ake tambaya ko abin ciki?"

Sai ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ta ce, "Ba ki ga rubutu a ƙarƙashinsu ba?"

Na gani mana. Rubutun biro ne, ƙanana. Na ɗauka kuɗin abin ne mai kanti ya rubuta, har na so in kankare don kada a ce na nuna tsada.

Ta ce hannun ubanta ne. Ta ce sa'ad da take ƙarama suna Saint-Denis, ɗaki ɗaya, yana karatu yana kuma dakon kwalaye a manyan shagunan Aubervilliers, uwarta tana fita aiki tun asuba. Shi ke zama da ita kafin a buɗe lakwal, wato makaranta, su kalli wasan jiragen nan tare, tana kan cinyarsa tana shan koko. Ita ta girma ta manta da su, shi bai bari ba. Waɗanda ke ƙasa na wasa ne. Na sama kuwa, duk ranar da wani abu babba ya same shi, sai ya je ya nemo ɗaya, ya rubuta ranar a ƙarƙashin kwalin, ya ajiye bai buɗe ba. Ta fara lissafo mini da yatsu: ranar da ta shiga lakwal, ranar da takardunsa na zama ƙasar suka fito, ranar da ya gama babban karatunsa ba kowa nasa a zauren. Ranar da aka yi waya aka ce mahaifinsa ya cika, aka binne shi kafin ya samu jirgi.

Ta ce, "Jan nan mai dogon hanci kuma, kin san mi ya rubuta? Ranar da Inna ta sauka."

Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri, yara ba su yi wa manya wa'azi. Ta fita. Na zauna bakin gado har aka yi la'asar ban motsa ba.

Abin da ya zo mini a rai, jerena ne. A ɗakina na Damagaram ina da jeren kwanuka da tasoshi tun na aure, ina ƙarawa duk haihuwa, duk salla mai albarka. Ba wanda ya taɓa cin tuwo a cikinsu. Ranar Juma'a nakan sauke su in goge in mayar. Na san wanda uwata ta ba ni, na san wanda na saya da ribar ƙuli-ƙulina ta farko. Kuma wannan yaron dai, shi ɗin nan, yana ɗan shekara shida ya ɗauki ɗaya mai furen ja ya kai wa akuya dusa, ya ɓantare masa baki. Na yi masa dukan da sai da maƙwabta suka shigo. Ni da na yi wannan, ni ce na hau kujera na ce abin da ba a taɓawa ba a son shi.

Bayan sati biyu na ce gwiwa ta matsa mini, zan je Hajiya ta kai ni wajen wata mai tausa. Ƙarya ce. Na koma Aubervilliers in yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: in karɓe kyauta.

Hajiya ta saurare ni har na gama, ta riƙe haɓa.

"Yau ga ranar da aka daɗe ana jira. Ke za ki lashe amanki?"

"Hajiya, ki yi mini ba'a gobe. Yau tashi ki raka ni."

"Ai ɗa kika haifa, ba kabewa ba."

"Na ji. Ɗauko mayafinki."

Allah ya jiƙanta, ta tashi. Muka bi gidaje shida, hawa da sauka, wani gidan na'urar hawa ta lalace. Na sayi alewa da ƙananan motoci don musanya. Kowace ƙofa sai an yi gaisuwa mai tsawo, a kawo ruwa, sannan in fara kame-kame, Hajiya ta katse ni ta ce, "Abin da ta ba yaranku take so a mayar mata." Na ga yadda matan ke kallon juna. Wani jirgin ya ɓace, wani an tafi da shi Maraɗi, wani yaro ya ƙanƙame nasa yana ihu har na ce a bar masa. Uku na samo. Ɗaya ba ƙafa, ɗaya an tauna masa fuska, ɗaya lafiyarsa lau sai warin miya. Jan mai dogon hanci ba ya ciki.

Da na dawo na jira ya tafi aiki, na wanke su, na hau kujerar nan na jera su a sama. Ranar Lahadi ya yi sallama ya shigo da burushinsa. Ina kan sallaya ina jan carbi, ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya ɗaga kai ya gan su. Sannan ya miƙa hannu ya gyara musu zama, kowane ya mayar da shi gurbinsa na da, ya bar sauran guraben takwas a buɗe.

Na ce, "Kai wannan."

"Na'am, Inna."

Maganar da nake so in faɗa kalma uku ce tak. Na yi wa kishiyoyin uwata biyayya, na roƙi gafarar maƙwabta a kan kaza, amma ban san ta inda uwa ke fara roƙon ɗan fari ba. Ba a koya mana ba.

Na ce, "Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

Ya share na ƙasa, bai kunna su ba, ya fita.

Ba da daɗewa ba cutar ta zo aka kulle gari. Muka zauna mu huɗu cikin gidan nan wata da watanni, kullum ina tashi ina kwanciya gaban guraben nan takwas. Bai rage mini komi ba. Maganina, gorona, katin waya in kira gida, duk yana kawowa da hannu biyu. Da ya yi mini tsawa ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa in ce shi ma ya yi laifi. Bai yi ba. Tun daga ranar kuma bai ƙara sayen jirgi ya ajiye a sama ba, ko da jikata ta ci babbar jarrabawarta. Wannan na lura da shi da kaina, ba wanda ya faɗa mini.

Cikin mutanen wancan lokaci, Hajiya ta riga mu, cutar ce ta ɗauke ta, ban samu zuwa ba. Jaririn da aka yi wa suna yana nan, an ce har ya shiga lakwal. Surukata tana nan, har yau ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban gode mata ba. Jikata ga ta a gabana tana riƙe da biro tana hararata. Ni ma ina nan, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.

Shi ma yana nan, gemun ya yi fari duka. Yana falo yanzu haka, ina jin tarinsa. Na ce wa yarinyar nan in ta gama ta ninke takardar ta miƙa masa, ta ce Inna ce ta aiko. Ta ce, "Kaka, taku goma ne fa tsakaninku, ki tashi ki faɗa masa da bakinki."

Na ce ta rubuta dai: ka yafe mini.