Gonar Malam Idi a Wutsiyar Kanal

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Idi makwancinsa a ƙauyenmu na gefen Bunkure, kuma har yau in zan wuce gonarsa sai na sunkuyar da kai. Tana can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa bayan kowa ya ƙoshi.

Ni aji uku na yi a firamare. Malamin ajinmu ya ga ba riba, ni ma na gani, muka rabu lafiya. Idi kuwa mayen karatu ne. In muna jiran ruwa sai ya zaro tsofaffin littattafan Turawa yana fassara mini, ni kuma ina cin tumatirinsa. Wata rana ya ce, "Tanko, ji nan. An hana Bayahude mallakar gona, an dawo ana zaginsa bai iya noma ba. An hana baƙar fata makaranta, an ce jahili ne." Na ce, "Kai, Turawa ba tsoron Allah!" Ya dube ni kawai.

Da aka zo zaɓen mai rabon ruwa, kowa ya san ba wanda ya kai Idi sanin kanal. Ana shirin ɗaga hannu, bakin nan nawa da ba ya zama lafiya ya ce, "Yanzu jikan bayi za mu ba makullin ruwa?" Wallahi wasa nake. Aka fashe da dariya, hannuwa suka koma aljihu. Idi bai sake neman muƙamin ba, bai kuma sake karanta mini ko layi ɗaya ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu har ya rasu.

Ranar Asabar za a sake zaɓe, kuma ɗansa Habibu, wanda ya karanci aikin gona, ya fito. Jiya a kasuwa na ji maganar nan tawa ta jikan bayi a bakin wani saurayi, ko wasali bai canja ba. Saurayin nan yana goye lokacin da na faɗe ta.

Da Idi na nan me zai ce? Zai dube ni ne.

Littattafan gara ta cinye su, kallon nan ne ya rage. Ban sani ba ko hannu ɗaya zai goge abin da baki ya shuka. Amma Asabar a sahun gaba zan zauna, in riga kowa ɗagawa, ba kuma zan sauke ba sai an ƙirga. Allah ya jiƙan Idi.