Jar Dara da Buhun Dabino

Ni na kunna musu fim ɗin da hannuna, kuma ba don su ƙaru da komai ba. So nake su bar ni in gama wanki. Hutun ƙarshen shekara ne, an rufe lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, yarana uku da na maƙwabta sun cika tsakar gidanmu a Birni suna neman haukata ni. Gidanmu suke so saboda muna da batir, telenmu ba ta mutuwa in an ɗauke wuta. Na kora su ɗaki, na laluba tashoshi har na ga zane mai motsi, na ce kowa ya zauna ya rufe mini baki. Sai da na shanya zannuwa na leƙo, na tarar fim ɗin Kirsimeti ne, bikin da a nan muke ce wa Nowel.

Labarin ba wani abu ba ne. Wani tsoho ne mai farin gemu da jajayen kaya da jar hula, yana yawo da ƙaton buhu a kan keken da wasu dabbobi masu ƙaho ke ja. Ya san sunan kowane yaro, yana shiga gidaje ta rufin ɗaki yana ajiye musu kyauta. Wata marainiya ta bi shi har garinsu, ya ba ta 'yar tsana. Da Faransanci ake magana, rabin yaran ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma ko tari babu wanda ya yi. Har surukata, uwar mijina, na gani zaune a bakin ƙofa da carbi a hannu, wai ita rana take sha.

Da muka zauna cin tuwo kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. 'Yata ta tsakiya ta ce ita ba ta yarda ba, me ya sa tsohon ba ya zuwa Damagaram? Yayanta ya ce ai ɗakunanmu ba su da ramin hayaƙi a sama, ta ina zai shigo? Mijina ra'ayinsa kan komai na duniya ɗaya ne, a bar shi ya ci abincinsa. Surukata ce ta yanke hukunci.

"Dabbobin nan masu ƙaho sun ƙoshi, an kula da su," in ji ta. "Amma tsohon ba shi da tarbiyya. Mutum da gemunsa ya shiga gidan mutane ba sallama, kuma ta sama?"

Muka yi dariya. Na ɗauka an gama ke nan.

Bayan kwana biyu na je famfo na tarar fim ɗin ya riga ni zuwa. Abin da na lura, kuma har yau yana ba ni haushi, shi ne waɗanda ba su gan shi ba sun fi kowa saninsa. Ranar farko cewa ake fim ne na sallar Nasara. Washegari ya zama fim da ke koya wa yara bin baƙo. Kafin mako ya ƙare labarin ya kai ga an sa yaran a cikin buhun, an ɗaure bakinsa. Wata mai sayar da ƙosai ta ce ita ta kalla, wasan yara ne kawai, dusar ƙanƙara da waƙe-waƙe. Aka yi mata caa, ta tattara bokitinta ta tafi.

Wadda ta fi ɗaukar zafi ita ce maƙwabciyata ta jikin katanga. Ba muguwa ba ce, ita ke riƙe mini yara in na makara a lakwal. Tana ƙarama a garin Dogo ƙanenta ya ɓace ranar kasuwa, ba a sake ganinsa ba, kuma duk layinmu mun san haka. Ranar da na kunna fim ɗin ta je suna, ta bar mini 'yar autarta mai shekara biyar. Yanzu yarinyar ba ta da zance sai na tsoho mai buhu da zai kawo mata 'yar tsana.

"Madam, ke da kika yi boko," ta ce da ni a gaban mata, "a gidan wa yaran nan suka ga wannan abu?"

Na ce yaran yanzu a salula suke ganin komai. Ban rantse ba, amma ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake. Ina komawa gida na tara yaran na ce duk wanda ya faɗi inda ya kalla, shi da tele har abada. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ni malamar lakwal ce, 'ya'yan mutane ke hannuna, kuma in aka ce malama na nuna wa yara addinin wasu, ba mai tsayawa ya tambayi wanki nake ko me. Garinmu ya taɓa ganin abin da irin wannan magana take zama in ta bar bakin mata ta faɗa bakin samari. Mun ga hayaƙin ƙone-ƙone da idonmu wata shekara, ba labari aka ba mu ba.

Akwai wani tsoho da ke ratsa layinmu kowace Alhamis. Daga Gidimuni yake kawo dabino kasuwa, in ya tashi sai ya bi ta ƙofarmu zuwa tasha da ragowar a buhu. Shekara da shekaru yana wucewa, ba wanda ya san sunansa, Baba mai dabino kawai ake ce masa. Duk yaron da ya gaishe shi zai samu biyu ko uku. Farin gemu gare shi, da jar dara irin ta tsofaffinmu, kuma saboda sanyi a makon nan ya yafa wani tsohon bargo mai ja-ja.

Ina tsaye a zaure na ga lokacin da yaran suka gan shi. Suka yi cirko-cirko, sannan suka kwasa da gudu suna kiran ga shi nan, ya zo. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai, ya sauke buhu yana rabo yana dariya da haƙoransa huɗu. Ni ma na yi dariya, har na juya na ga maƙwabciyata a ƙofarta. Ita ba ta dariya. Samarin da ke shan shayi a fadarsu ta bakin layi su ma sun daina hira, suna bin tsohon da ido har ya sha kwana.

Daga ranar na kasa sakewa. Na san akwai Alhamis a gaba, na san zai dawo da hularsa da buhunsa, bai san an yi masa wani labari ba. Sau uku ina ɗaukar mayafi in shiga wurin maƙwabciyata in gaya mata gaskiya. Sau ɗaya har na shiga, na ƙare da aron rariya. Na yi ta gaya wa kaina maganar za ta mutu da kanta, ko kuma tsohon ya bi wata hanya. A famfo kuwa an fara cewa an ga mai buhun a kartiye kaza, an gan shi a unguwa kaza. Wani ya ce ai fim ɗin share fage ne, don yara su saba da shi.

Alhamis ɗin, bayan azahar, na ji maƙwabciyata tana kiran sunan 'yarta. Kira na farko na uwa ne mai neman aike. Na uku ya canza. Ta faɗo gidanmu ba ɗankwali, ta duba ɗakunanmu, ta duba bayan randa, har cikin akurkin kaji. Wata ta ce ta ga yarinyar ta bi mai dabino ta wajen duwatsu. Kafin in sa takalmi layin ya cika.

Ba mu yi nisa ba muka gan su. Tsohon ne ke tahowa wajenmu, buhu a kafaɗa, yana riƙe da hannun yarinyar. Dawo da ita yake. Yana ganin mutane ya saki fuska ya ce, "Alhamdu lillahi. 'Yar wa ce wannan? Tun daga can take bi na." Uwar ta fizge 'yarta, samarin suka zagaye shi, ba gudu, ba hayaniya, a hankali kamar masu shirin kama rago.

"Me ya ce miki?" in ji wani daga cikinsu, ya durƙusa gaban yarinyar.

"Kyautata tana cikin buhunsa," ta ce. "Ya san sunana."

Bai san sunanta ba. A fim ne aka san sunan kowa. Ni kaɗai a cikin manyan da ke tsaye kusa na san daga ina wannan magana ta fito, kuma bakina ya ƙi buɗewa. Na ga an fizge buhun an farke shi da wuƙa, dabino ya watse a ƙasa. Babu komai a ciki sai dabino da 'yar butarsa, amma wani ya ce ai da shi yake jan su. Tsohon yana ta cewa, "'Ya'yana, me na yi?" Ban ga wanda ya jefa dutsen ba. Na ga darar ta faɗi cikin kwata, na ga jini yana bin farin gemun nan, ya zauna daɓas a ƙasa.

Muryar surukata na ji daga bayana. Da sandarta ta ratsa mutane, tsohuwar da sai an taimaka mata take hawa dakali.

"A ɗakina aka kalli fim ɗin," ta ce. "Ni na kalla, daga farko har ƙarshe, da yarinyar nan zaune a gabana. Zane ne. In akwai mai dutse a hannu, ga ni."

Ba ɗakinta ba ne, nawa ne. Ta ji labarin ƙaryar da na yi a famfo, ta yi shiru mako biyu, yanzu kuma ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta. Sai a lokacin na samu baki. Na ce ni na kunna, ni na hana yaran faɗa, na ba da labarin marainiyar da 'yar tsanar. Yarana suka ce haka ne. Mai unguwa ya iso, samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa shi rabon faɗa ya zo yi. Maƙwabciyata ta dube ni, ta saɓi 'yarta ta shige.

Mijina ya kai tsohon likita a kan babur, aka yi masa ɗinki a goshi. Kafin su tafi na durƙusa ina tsince masa dabinon a zanina. Ya dafe kansa da bargon, ya ce, "'Yata, wane ne wannan tsohon da aka ce na yi kama da shi? Wani mugun abu ya yi?" Na ce a'a, Baba, kyauta yake ba yara. Ya jinjina kai, bai ƙara tambaya ba.

Ba a kore ni daga lakwal ba. Abin da na ji wa tsoro bai same ni ba ko kaɗan, iyaye biyu ne suka yi gunaguni, shi ke nan. Maƙwabciyata ta yi wata huɗu ba ta gaishe ni, sannan wata rana ta aiko a ba ta gishiri. Surukata ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta rasu, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Tsohon bai sake bi ta layinmu ba. Bayan damina na gan shi a kasuwa, zaune bayan tiren dabinonsa, da farar hula a kansa da tabo a goshi. Ina tare da 'yata ta tsakiya. Ta gane shi, ta sake hannuna ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni?" Ya ɗaga ido ya duba dama da hagu, ya ga ko akwai mai kallonsa. Sai ya janye tiren zuwa jikinsa, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin riga, ya ce da ni, "Hajiya, kira 'yarki."